Tarihin Turjiyar Ƙwayoyin Cuta ga Magungunan Wanke Rauni



Gabatarwa

Da wuya a sami gida a ƙasar nan wanda ba a taɓa ɗiga wa yaro aidin a ciwo ba, ko a goga masa sifirit kafin allura. Haka kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san warin ruwan maganin da ake goge daɓen asibiti da shi. Waɗannan su ne magungunan da zan yi magana a kansu yau, watau waɗanda ake shafawa a fata ko a wanke rauni da kayan aiki da su. Sun bambanta da irin su finisilin, waɗanda ake sha ko a yi allurarsu su yi yaƙi daga cikin jiki.

Tambayar da nake so mu bi ta cikin tarihi ita ce: mene ne ke faruwa idan irin wannan magani ya kai ga ƙwayar cuta amma ƙarfinsa bai isa ya kashe ta ba? Yawancin mutane za su ce iyakarta an yi asarar magani. Tarihin shekaru fiye da 130 ya nuna al'amarin ya wuce haka. Maganin da aka sirka har ya kasa kisa yana yin aikin rariya ne, yana zubar da raunanan ƙwayoyi ya bar masu ƙarfi su hayayyafa. An gano wannan tun 1887, an manta, an sake ganowa, har yanzu kuwa ba a gama ɗaukar darasin ba.

Nasarar farko

Tun a 1676 wani ɗan kasuwar ƙasar Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya hango ƙananan halittu suna motsi cikin ɗigon ruwa da madubin da ya ƙera da hannunsa. Amma sai da aka yi kusan shekara 200 kafin likitoci su yarda cewa irin waɗannan halittu, waɗanda muke kira bakteriya, su ne ke ruɓar da rauni.

Kafin a kai ga yardar, wani likita ɗan ƙasar Hangare, Ignaz Semmelweis, ya lura da wani abu a babban asibitin birnin Biyana. Ɗakin haihuwar da ɗaliban likita ke aiki a ciki ya fi na ungozomai yawan mace-macen masu jego nesa ba kusa ba. Ɗaliban kuwa daga ɗakin feɗe gawa suke fitowa su zarce duba mata. A watan Mayu na 1847 ya tilasta kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu mata 18 cikin 100 ne suka mutu a ɗakin. A watan Yuli abin ya dawo bai kai 2 cikin 100 ba. Duk da haka manyan likitocin zamaninsa ba su saurare shi ba, ya rasu a 1865 cikin baƙin ciki.

A shekarar da ya rasu, Joseph Lister, likitan tiyata a Gilasgo, ya karanta ayyukan Louis Pasteur na Faransa a kan ruɓa, ya kuma ji labarin ana zuba sinadarin kabolik a magudanar ƙazantar garin Kalail don kashe ɗoyi. A watan Agusta 1865 aka kawo masa yaro ɗan shekara 11 wanda ƙafar keken doki ta taka, ƙashi ya fasa fata. A wancan lokaci irin wannan karaya yanke ƙafa ne ko mutuwa. Lister ya ɗaure raunin da ƙyalle jiƙe da kabolik, bayan mako shida yaron ya fita da ƙafarsa. Ya bayyana hanyar tasa a 1867. Bisa ga lissafinsa, kafin kabolik mutum 16 cikin 35 da ya yanke wa gaɓa sun mutu, bayan kabolik kuwa 6 cikin 40.

Daga nan sai masana suka shiga auna ƙarfin magunguna. Robert Koch na Jamus ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a 1881, ya tarar kabolik da aka narka cikin mai ba ya kashe kome, ko da yake likitoci da yawa da shi suke aiki. A 1908 wata masaniya a Landan, Harriette Chick, ta nuna cewa ƙwayoyi ba sa mutuwa gaba ɗaya a lokaci guda: kashi-kashi suke mutuwa, saurin mutuwar kuma ya dogara ga ƙarfin magani da tsawon lokacin da ya zauna a kansu. Ina roƙon a riƙe waɗannan abubuwa biyu, ƙarfi da lokaci, domin duk sauran labarin a kansu ya rataya.

Alamar farko

A 1887, shekara 20 kacal bayan bayanin Lister, mujallar Cibiyar Pasteur ta birnin Faris ta buga aikin wani mai bincike da ake kira Kossiakoff. Abin da ya yi ba shi da wuyar ganewa. Ya rena bakteriya cikin romo mai ɗan ƙanƙanin magani, irin su borik da gishirin zaiba, wanda bai isa kisa ba. In sun rayu sai ya ɗebi kaɗan ya mayar cikin romon da ya ɗan fi ƙarfi, haka haka. A ƙarshe ya sami ƙwayoyin da ke hayayyafa cikin ƙarfin maganin da ya hana 'yan'uwansu na asali motsi.

Shekara 20 bayan haka, a 1907, Paul Ehrlich na Jamus ya ga irin wannan a kan ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, dangin mai sa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Wannan ƙwaya ba bakteriya ba ce, amma darasin ɗaya ne. Idan aka ba ɓeran gwaji maganin da bai isa ba, cutar takan lafa ta dawo, dawowar kuwa maganin ba ya ƙara cin ta. Ehrlich ya lura da abubuwa biyu masu muhimmanci: turjiyar tana bin zuriya, kuma ƙwayar da ta bijire wa magani ɗaya takan bijire wa danginsa ko da ba ta taɓa haɗuwa da su ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Alexander Fleming yana aiki a asibitin soja a Bulon ta Faransa. Ya nuna cewa a rauni mai zurfi da loko-loko, jini da mugunya suna shanye ƙarfin maganin tun bai kai ƙarshen ramin ba, ya kashe sojojin jini masu kare jiki, ya bar bakteriya a ɓoye. Watau ko da likita ya zuba magani mai ƙarfi, akwai saƙon da sirkakke ne ke isa can. Shi ne Fleming ɗin da ya gano finisilin a 1928, kuma a laccarsa ta karɓar kyautar Nobel a Disamba 1945 ya yi gargaɗi cewa shan finisilin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyi bijire masa. Ba a daɗe ba maganarsa ta tabbata. Mary Barber ta asibitin Hamasmit a Landan ta ƙidaya ƙwayoyin istafilokokas, masu sa maruru da ruɓar rauni, waɗanda finisilin ya daina ci: 14 cikin 100 a 1946, 38 a 1947, 59 a 1948.

Gardamar masana: koyo ne ko zaɓe?

A nan sai gardama ta tashi. Shin maganin ne ke koya wa kowace ƙwaya dabarar tsira, ko kuwa masu dabarar suna nan tun da farko, maganin ya share musu fili? Cyril Hinshelwood na Jami'ar Okusfod, wanda ya wallafa littafi a kan batun a 1946, ya tsaya a kan koyo. Salvador Luria da Max Delbrück a Amurka sun riga sun kawo hujjar lissafi a 1943 cewa sauyin gado yakan faru da kansa, ba da sanin abin da zai zo ba. A 1952 Joshua da Esther Lederberg suka yanke maganar da ƙyallen karan-miski. Sukan danna ƙyallen a kan faranti cike da bakteriya, su buga shi kamar hatimi a kan wasu farantai masu magani. Masu tsira kullum a wuri ɗaya suke tsirowa a kowane faranti, alamar cewa tun a faranti na asali, inda babu magani, suka sami sauyin.

Don a gane yadda haka ke yiwuwa sai a dubi yawansu. In abinci da ɗumi sun wadata, wasu bakteriya sukan rabu biyu kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya ke nan za ta haura miliyan 16 cikin awa 8. Cikin irin wannan taro ba a rasa 'yan ƙalilan da kuskuren kwafin gado ya ba su fata mai kauri ko wata kariya. Magani mai cikakken ƙarfi yana kashe su tare da saura, domin ɗan fifikon nasu bai kai ya cece su ba. Sirkakke kuwa su kaɗai yake bari.

Daga baya an fahimci cewa Hinshelwood ma bai rasa gaskiya ɗungum ba. Ƙwaya tana da dabarun da ke kwance, waɗanda ɗan ƙanshin dafi ke tayarwa, su koma barci in dafin ya wuce. Sa'an nan a 1959 masu bincike a Jafan, suna nazarin ƙwayar atuni, suka gano hanya ta uku wadda ba wanda ya zata: bakteriya suna miƙa wa juna turjiya hannu da hannu, har tsakanin jinsi da jinsi, ta wasu ƙananan zobban gado da ake kira filasmid. Ashe ke nan ƙwayar da ba ta da lahani, mai zaune cikin kwata, tana iya ba mai kisa makami.

Kwalbar magani ta zama gidan cuta

Zuwan finisilin ya ɗauke hankalin duniya daga magungunan wanki, aka ɗauka nasu ba ya canjawa. A wannan tsakani sababbi suka shigo. Gerhard Domagk na Jamus ya bayyana banzalkoniyam a 1935, mai kumfa kamar sabulu, marar wari, marar raɗaɗi. Kamfanin ICI a Ingila ya fito da kuloheksidin a 1954. Sauƙinsu ya sa aka saki jiki da su.

A 1951 Edward Lowbury, wanda ke aiki a sashen masu ƙuna a Bamingam, ya tarar da ƙwayar sudomonas, mai sa mugunya ta yi kore, tana raye cikin kwalaben setirimaid, ɗan'uwan banzalkoniyam. Wasu masu bincike suka gano a 1958 cewa murfin toshe kwalba na ɓawon itace yana rage ƙarfin maganin, yana kuma ba ƙwayoyi maɓoya. A shekarar kuma likitoci biyu a Amurka, Plotkin da Austrian, suka ba da rahoton majinyatan da sudomonas ta shiga jininsu ta allurai da robobin da aka ajiye cikin ruwan banzalkoniyam don a tsabtace su. An kuma tabbatar cewa auduga da bandeji da ake jiƙawa cikin irin wannan ruwa suna tsotse maganin, su bar ruwa kusan zalla. Ko aidin bai tsira ba: a 1980 an sami wata 'yar'uwar sudomonas cikin kwalaben aidin da ba a ko buɗe ba a asibitocin Niyok, aka bi sawu har masana'antar da ta haɗa shi.

Abin da ya ba ƙwayoyin bututu kariya shi ne yauƙin da suke tarawa su lulluɓe kansu da shi a jikin ƙarfe ko roba, irin santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Na saman yauƙin su ke shan maganin da ƙarfinsa, na ƙasa kuwa ɗan abin da ya tsiyaya ne ke isa gare su. Ga rariya nan ta sake kafuwa ba da hannun kowa ba.

Famfo a jikin ƙwaya

A 1980 Stuart Levy da abokan aikinsa a Boston suka gano cewa wasu bakteriya suna da wani abu kamar famfo a fatarsu, mai kwarfe maganin tetarasaikilin waje da zarar ya shiga. A cikin shekarun 1980 masana a Ostareliya suka sami irinsa a jikin istafilokokas ɗin asibitocinsu, amma wannan magungunan wanki yake kwarfewa, banzalkoniyam da kuloheksidin da wasu rinai. Suka sa wa ƙwayar gadon da ke ƙera shi suna qacA. A kan zoben filasmid take zaune, maƙwabtanta a zoben kuwa su ne masu bijire wa magungunan allura irin su jentamaisin.

Wannan maƙwabtaka ita ce abin tsoro. Zobe ba ya rabuwa in za a gāje shi ko a miƙa shi. Saboda haka duk abin da ya fifita mai famfon maganin wanki ya fifita duk kayan da ke tare da shi. Mai goge daɓe da sirkakken magani yana iya taimakon ƙwayar da za ta gagari likita a ɗakin tiyata, alhali bai taɓa riƙe sirinji ba.

Gwaje-gwaje sun ƙarfafa wannan zato. A 1998 ɗakin binciken Levy ya nuna cewa tirikilosan, wanda aka riƙa zubawa cikin sabulu da man goge baki, wuri guda yake bugu a jikin ƙwaya in yana da ƙaranci, kamar dai yadda maganin allura ke yi, kuma sauyin gado ɗaya ya isa ya rage masa kaifi. A 2010 masana a Golwe ta ƙasar Ailan suka rena sudomonas cikin banzalkoniyam ana ƙara shi sannu a hankali, watau gwajin Kossiakoff da kayan zamani. Juriyarta ga maganin wankin ta ninka kamar sau 12, amma juriyarta ga sifirofulokzasin, maganin da ba ta taɓa gani ba, ta ninka sau 256. A 2017 masu bincike a Ingila suka saba wa ƙwayar kilebsiyela da kuloheksidin, sai wasu daga cikinta suka bijire wa kolistin, wanda likitoci ke ajiyewa sai an rasa kowane magani.

Iyakar maganar

Kada a tashi daga nan a ce na ce a bar wanke hannu. Tilas a auna maganar da ma'auninta. Kuloheksidin na wankin hannun tiyata kashi 4 cikin 100 ne, watau miligiram 40,000 a lita guda. Famfon qacA kuwa iyakarsa ya ba ƙwaya ikon jure 'yan miligiram a lita. Tsakanin biyun akwai tazara mai nisan gaske. Dalili kuwa, maganin wanki mai cikakken ƙarfi ta ko'ina yake far wa ƙwaya, ya fasa fatarta ya daskarar da cikinta, ba famfon da zai kwarfe irin wannan ambaliya. Yawancin gwaje-gwajen da na ambata kuma a ɗakin bincike aka yi su, inda ake lallaɓa ƙwaya da gangan.

Misalin sifirit ya isa ya nuna haka. A 2018 masana a Malbon suka gwada samfura 139 na ƙwayar enterokokas da aka tara daga 1997 zuwa 2015, suka ga na bayan 2010 sun fi na da jure wa sifirit kamar sau 10. Labarin ya tayar da hankali. Amma an auna wannan bambanci ne da sifirit mai ƙarfin 23 cikin 100, alhali na goge hannu kusan 70 ne, kuma da masu bincike a Turai suka gwada da cikakken ƙarfi da cikakken lokaci ƙwayoyin sun mutu. Haɗarin ke nan yana wurin da ƙarfi ko lokaci ya gaza: hannun da aka shafa rabi da rabi, ragowar magani a fata bayan sa'o'i, ruwan wanki da ya gangara kwata ya gauraya. Bisa irin wannan tunani hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa tirikilosan da wasu sinadarai 18 cikin sabulun wanka na gida a 2016, domin masu yin sa sun kasa nuna ya fi sabulu da ruwa amfani.

Inda abin ya shafe mu

Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da magani ya daina ci, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. A inda maganin ajiya ke da tsada ko babu shi sam, rigakafi shi ne garkuwar talaka, magungunan wanki kuwa su ne rabin garkuwar.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa shafa kuloheksidin a cibiyar jariran da aka haifa a gida a wuraren da mutuwar jarirai ta yi yawa, kuma Jihar Sakkwato tana cikin na farko da suka fara rabawa a Nijeriya a shekarar. Wannan magani ne mai araha da ke tsaye tsakanin jariri da ruɓar cibiya. Abin da ke da irin wannan daraja bai kamata a bari kaifinsa ya dakushe ta hanyar sakaci ba.

Sakacin kuwa duk mun san kamanninsa, ba kuma daga mugunta yake zuwa ba, daga tsimi ne da ƙarancin kaya. Ana ƙara ruwa a kwalba don ta kai ƙarshen wata. Ana zuba sabo a kan ragowar tsoho ba a wanke kwalbar ba. Ana barin almakashi da auduga cikin kwanon magani kwana da kwanaki. Ana auna magani da ido, har wani ya ce ai ruwan ya yi fari, ya isa. Ana goge jini da mugunya da maganin kai tsaye ba a fara wankewa da sabulu ba. Irin wannan sakaci ya taɓa kwantar da majinyata a wasu ƙasashe, an kuma rubuta labarinsa tun shekarun 1950.

Kammalawa

Daga Semmelweis da Lister mun koyi cewa ruwan magani a hannun likita yana ceton rai. Daga Kossiakoff, Ehrlich da Fleming mun koyi cewa wanda bai kai ƙima ba yana da nasa aikin, kuma ba alheri ba ne. Hausawa kan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba. A sha'anin bakteriya abin ya fi haka muni, domin wadda ta tsira tana haihuwar miliyoyi kafin gari ya waye, tana kuma raba wa maƙwabta dabarar da ta tsira da ita.

Saboda haka shawarata ga ɗalibanmu na likita da jinya da haɗa magunguna ita ce su riƙe ƙa'idar nan: a wanke datti tukuna, a haɗa magani daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, a ba shi lokacinsa, a zubar da na jiya, a wanke kwalba ta bushe kafin a sake cikawa. Inda sabulu da ruwa sun isa, a bar maganin ya huta. Ga hukumomin asibiti kuma, su sani kuɗin da aka tsimi ta hanyar sirka magani za a biya shi ninkin-ba-ninkin a ɗakin majinyata.